Dokar Sauri da Ma'aunin k: Yadda Ake Auna Gudun Sauyin Sinadarai

Kowane sauyi da sinadarai ke yi yana da nasa gudu. Idan asid ya haɗu da soda a cikin ruwa, magana ta ƙare kafin ƙiftawar ido. Ƙarfen da aka bari a fili kuwa sai ya sha damina da yawa kafin tsatsa ta cinye shi. Reshen ilimin sinadarai da ke bin diddigin wannan gudu shi ake kira kainetik, kuma yana cikin darussan da ɗaliban kemistiri da na haɗa magunguna da na injiniyan sinadarai ke ɗauka a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka buɗe a 1962. Tambayoyi biyu ne a bakin ƙofar wannan fanni. Ta farko, yaya yawan sinadaran da aka haɗa yake juya saurin sauyi? Ta biyu, da wace lamba za a faɗi wannan saurin har mai bincike a wani gari ya fahimta ba tare da kuskure ba? Amsar ta farko ita ce dokar sauri. Amsar ta biyu tana cikin wata lamba da ake rubutawa da harafin k, tare da ma'aunin da ke biye da ita.

Kafin a kai ga doka, sai an san abin da ake aunawa. Masana sinadarai suna ƙirga ƙwayoyin sinadari da wani awo mai suna mol, wanda ya ƙunshi ƙwayoyi 6.022 × 10²³. Yawan mol da ke cikin lita ɗaya ta ruwa shi ne kaurin sinadarin, kuma ana rubuta kaurin sinadari A kamar haka: [A]. Sauri kuwa shi ne yadda wannan kauri ke raguwa, ko kaurin abin da ake samarwa ke ƙaruwa, a cikin sakan ɗaya. Saboda haka ma'aunin sauri kullum shi ne mol a lita a sakan, wato mol L⁻¹ s⁻¹. Duk abin da za a faɗa game da ma'aunin k daga wannan yake fitowa.

Dokar sauri lissafi ne gajere da ke haɗa sauri da kauri. Idan A da B ne ke haɗuwa, yawanci dokar tana da wannan siffa: sauri = k[A]ᵐ[B]ⁿ. Ƙananan haruffan da ke sama, m da n, su ake kira daraja. Idan m ɗaya ce, an ce sauyin yana daraja ta ɗaya game da A, kuma ninka kaurin A sau biyu zai ninka sauri sau biyu. Idan biyu ce, ninkin nan zai sa sauri ya ƙaru sau huɗu. Idan sifili ce, ko an cika tukunyar da A sauri ba zai motsa ba. Jimlar m da n ita ce darajar sauyin gaba ɗaya. Ita kuwa k lamba ce tsayayya: ba ta damu da kauri ba, zafi ne da irin ruwan da aka yi aikin a ciki da abin gaggautawa suke canja ta.

Ba a karanta doka daga lissafin sauyi

Kuskuren da ya fi kama ɗalibai shi ne ɗaukar lambobin da ke gaban sinadarai a daidaitaccen lissafin sauyi a mai da su daraja. Lissafin sauyi yana faɗin abin da ya shiga da abin da ya fita ne kawai. Hanyar da aka bi tsakanin shiga da fita ba ta cikinsa, alhali ita ce ke yanke sauri. Yawancin sauye-sauye suna tafiya ne hawa-hawa, kuma hawan da ya fi kowane nawa shi ke riƙe da sauran.

Iskar NO₂ tana haɗuwa da iskar CO su ba da NO da CO₂, ɗaya bisa ɗaya a lissafi. Amma a zafin da bai kai digiri 225 ba, gwaji ya nuna cewa sauri = k[NO₂]², babu CO a cikin dokar ko kaɗan. Bayanin da aka yarda da shi shi ne ƙwayoyin NO₂ biyu ne ke fara karo da juna, wannan hawan yana da nawa, sannan CO ya zo ya gama aikin nan take. Haka ma idan aka haɗa asiton da aidin a cikin ruwa mai asid: sauri yana bin kaurin asiton da na asid, aidin kuwa darajarsa sifili ce, duk da cewa launinsa ne ake gani yana ɓacewa. Bajamushe Max Bodenstein, wanda ya yi shekaru yana auna sauyin iskoki tun daga ƙarshen ƙarni na 19, ya ga abin da ya fi wannan ban mamaki. Haidurojin da aidin suna bin doka mai sauƙi ta daraja ta biyu. Haidurojin da buromin, waɗanda lissafinsu iri ɗaya ne sak da na farko, suna bin doka mai sarƙaƙiya, mai ɗauke da rabin daraja, har abin da suke samarwa yana komowa ya rage musu sauri. Wanda ya dubi lissafin biyu a takarda ba zai taɓa hango wannan bambanci ba. Dokar sauri abin aunawa ce a ɗakin gwaji.

Wanda ya fara rubuta irin wannan doka daga awo shi ne Ludwig Wilhelmy a Jamus, a shekarar 1850, kuma da sukarin rake ya yi aikin, irin wanda ke cikin raken da ake nomawa a ƙasar Makarfi ana sayarwa a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari. Ruwan sukarin rake yana karkatar da wani nau'in haske zuwa dama. Idan aka zuba masa asid, sukarin yana tsagewa gida biyu, gulukos da furuktos, haɗin nan kuma yana karkatar da hasken zuwa hagu. Wilhelmy ya riƙa duba karkatar hasken lokaci bayan lokaci, ya gano cewa a kowane lokaci saurin tsagewar yana daidai da yawan sukarin da ya rage. Wannan ita ce doka ta daraja ta ɗaya. Aikinsa ya kwanta shekaru babu wanda ya kula da shi, sai da Wilhelm Ostwald ya fito da shi. Tsakanin haka Guldberg da Waage na Norwe sun buga dokarsu ta tasirin kauri a 1864, sannan van 't Hoff na Holan ya tsara fannin duka a littafinsa na 1884. Shi ne ya karɓi kyautar Nobel ta farko a kemistiri a 1901.

Hanyar saurin farko

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce a yi gwaji sau da yawa, kowane karo a canja kaurin sinadari ɗaya kaɗai a bar sauran yadda suke, a auna saurin a farkon farawa kafin kayan su ragu sosai. Ga misali da lambobin da aka zaɓa domin sauƙin lissafi. A gwaji na farko kaurin A da na B duk 0.10 ne, aka sami sauri 0.00020 mol L⁻¹ s⁻¹. A na biyu aka mai da A 0.20, B yana nan a 0.10, sauri ya zama 0.00040. A na uku aka mai da A wurinsa na 0.10, aka ɗaga B zuwa 0.20, sauri ya zama 0.00080. Ninka A ya ninka sauri sau biyu, don haka darajarsa ɗaya. Ninka B ya ninka shi sau huɗu, don haka darajarsa biyu. Dokar ke nan: sauri = k[A][B]², daraja ta uku gaba ɗaya.

Samun k sai a koma ga kowane ɗaya daga gwaje-gwajen. A na farko, 0.10 sau 0.10 sau 0.10 ya ba da 0.0010, idan aka raba 0.00020 da shi a sami 0.20. Gwaji na biyu da na uku dole su ba da 0.20 ɗin nan su ma. Idan ba su ba da ita ba, ko dai darajar da aka zaɓa ba daidai ba ce, ko zafin ruwan ya canja tsakanin gwaji da gwaji. A aikin gaske lambobi ba sa faɗowa cif haka. Ana iya ninka kauri a ga sauri ya ƙaru sau 1.9 ko 2.1, nan sai a yi amfani da logaridim: a zana logaridim na sauri a kan logaridim na kauri, gangarar layin da ya fito ita ce daraja.

Gwajin da ya fi shahara a wannan hanya shi ne agogon aidin. Ana haɗa sinadarin fasalfet da ayodaid, su kuma suna samar da aidin sannu a hankali. Tun farko an zuba sitaci da ɗan thiyosalfet kaɗan wanda aka san yawansa. Muddin thiyosalfet yana nan, yana cinye aidin da zarar ya samu, ruwan yana zama garau. Da ya ƙare, aidin ya taɓa sitaci, ruwan gaba ɗaya ya rikiɗa shuɗi mai duhu a lokaci guda. Mai gwaji agogo kawai yake buƙata: ya san yawan aidin da aka samar kafin launin ya fito, ya san sakan nawa aka ɗauka, ya sami sauri ke nan. Harcourt da Esson sun yi amfani da wannan dabara a Okasfod a shekarun 1860, da haidurojin feroksaid a madadin fasalfet. Abin lura a nan shi ne lissafin sauyin yana da ayodaid biyu a kan fasalfet ɗaya, amma awo yana ba da daraja ta ɗaya ga kowannensu. Ɗaliban sakandare suna da ɗan'uwan wannan gwaji, inda ake zuba asid a kan thiyosalfet a ƙirga lokacin da ruwan zai yi gurɓi har alamar da aka zana a takardar da ke ƙarƙashin kwalbar ta daina ganuwa.

Inda ma'aunin k yake fitowa

Ɗalibai da yawa suna haddace ma'aunan k kamar jerin sunaye, ranar jarrabawa kuma su cakuɗe musu. Babu buƙatar hadda ko kaɗan. Gefen hagu na doka sauri ne, ma'auninsa mol L⁻¹ s⁻¹. Gefen dama dole ya fito da wannan ma'aunin shi ma. Kauri yana kawo mol L⁻¹ sau ɗaya a kowace daraja, abin da ya rage kafin gefen biyu su daidaita shi ne ma'aunin k.

A daraja ta sifili babu kauri a dama, don haka k tana ɗaukar ma'aunin sauri gaba ɗaya, mol L⁻¹ s⁻¹. A daraja ta ɗaya kauri ɗaya ya riga ya kawo mol L⁻¹, saura s⁻¹ kaɗai, wato "a sakan". A ta biyu kauri ya zo sau biyu, ɗaya ya yi yawa, sai k ta soke shi: L mol⁻¹ s⁻¹. A ta uku biyu ne suka yi yawa: L² mol⁻² s⁻¹, kuma wannan shi ne ma'aunin 0.20 ɗin da aka samu a misalin baya, haka kuma shi ne na haɗuwar iskar NO da oksijin, wadda dokarta ita ce sauri = k[NO]²[O₂]. Ƙa'idar gaba ɗaya ita ce a ɗebe darajar sauyin daga ɗaya, abin da ya fito a ɗora shi a kan mol L⁻¹, a biyo da s⁻¹. Tana aiki har ga darajar da ba cikakkiyar lamba ba. Rushewar asitaldihaid da zafi tana da daraja ɗaya da rabi, ma'aunin k ɗinta kuma yana ɗauke da rabin lita da rabin mol a sama, abin da ke ba sabon ɗalibi tsoro alhali lissafin ɗaya ne.

Amfanin wannan yana tafiya ta fuska biyu. Wanda ya san doka zai fitar da ma'auni. Wanda kuma ya ga ma'auni a littafi ko a rahoton bincike ya san darajar sauyin nan take, ko ba a faɗa masa ba. Lambar da ke biye da s⁻¹ ko min⁻¹ kaɗai ta daraja ta ɗaya ce. Wadda ke da L mol⁻¹ sau ɗaya ta daraja ta biyu ce. Daga nan ne kuma ake gane cewa ba a kwatanta k biyu masu ma'auni daban. Cewa 0.5 s⁻¹ ta fi 0.2 L mol⁻¹ s⁻¹ magana ce marar ma'ana, domin wanda zai fi sauri a cikinsu ya danganta da kaurin da aka fara da shi.

Lokaci ma yana da tarkonsa. Haɗuwar etil asitet da soda, wadda ita ce ƙaramar siffar abin da ke faruwa idan ana dafa sabulu, gwaji ne da aka saba yi a jami'o'i, kuma k ɗinsa a digiri 25 tana kusa da 0.11 L mol⁻¹ s⁻¹. Wani littafin zai rubuta 6.6 L mol⁻¹ min⁻¹. Abu ɗaya ne, an ninka da 60. Wanda ya ɗauki lambar ya bar ma'aunin zai yi kuskure ninki sittin, kuma idan injiniya ne mai lissafin girman tukunyar masana'anta, kuskuren zai fito a kuɗi da ƙarfe. Akwai kuma tarko na uku, ƙarami amma mai yawan kamu. A rushewar N₂O₅, ƙwayoyi biyu ne ke ɓacewa kafin a sami ƙwayar oksijin ɗaya, don haka k da aka auna ta ɓacewar N₂O₅ ta ninka wadda aka auna ta samuwar oksijin sau biyu. Rahoto mai kyau yana faɗin da wane sinadari aka auna sauri.

Bin sauyi daga farko zuwa ƙarshe

Hanya ta biyu ita ce a bar sauyi ɗaya ya yi ta tafiya ana auna kauri lokaci-lokaci, sannan a gwada zane iri uku. Idan kaurin kansa a kan lokaci ya ba da miƙaƙƙen layi, daraja ta sifili ce. Idan logaridim na kauri ne ya miƙe, ta ɗaya ce. Idan ɗaya bisa kauri ne, ta biyu ce. Gangarar layin da ya miƙe ita ce k, kuma ma'aunin gangarar yana fitowa daidai da na darajar ba tare da an tilasta shi ba: logaridim ba shi da ma'auni, don haka gangararsa a kan lokaci s⁻¹ ce, ɗaya bisa kauri L mol⁻¹ ne, gangararsa L mol⁻¹ s⁻¹. Sharaɗin wannan hanya shi ne haƙuri. A farkon sauyi, kafin kashi goma ko ashirin cikin ɗari su ɓace, zanen uku duk suna kama da miƙaƙƙen layi, mai gaggawa kuma zai zaɓi wanda ransa ya so. Sai an bi sauyin har kayan sun ragu da rabi sau biyu ko uku kafin biyu daga cikin layukan su lanƙwashe su bar na gaskiya.

Idan sinadarai biyu ne ko fiye, ana amfani da dabarar Ostwald ta ware ɗaya. Ana zuba B da yawa ƙwarai, aƙalla ninki goma na A, ta yadda ko A ya ƙare kaf kaurin B bai ragu da abin a zo a gani ba. Sai dokar ta koma kamar ta A kaɗai, tare da wata k ta aro wadda ta haɗiye kaurin B a cikinta. Idan A da B duk daraja ta ɗaya gare su, ma'aunin wannan k ta aro s⁻¹ ne, kuma sai an raba ta da kaurin B kafin a sami k ta ainihi mai L mol⁻¹ s⁻¹. Sukarin Wilhelmy ma haka yake: ruwa yana shiga sauyin, amma lita ɗaya ta ruwa tana da mol 55.5, ɗan abin da sukari ya ci ba ya ganuwa, asid kuma ba ya ƙarewa domin gaggautawa kawai yake yi. Binciken digiri na biyu da na uku da yawa a sashen kemistiri na Samaru ya bi wannan hanya, musamman a kan sauye-sauyen da ke kashe launin rini. Na'urar auna haske tana bin dusashewar launin, a sami k ta aro, a maimaita da kaurin B daban-daban, daga nan a fitar da darajar B da k ta ainihi. Haɗa k ta aro da ta ainihi a jadawali ɗaya ba tare da bambancewa ba kuskure ne da ma'auni kaɗai ke tonawa.

Rabin rai, wato lokacin da kauri ke ɗauka ya ragu da rabi, shi ma shaida ne. A daraja ta ɗaya ba ya canjawa ko da nawa aka fara: 0.693 ne a raba da k. A ta biyu yana tsawo yayin da kaya ke raguwa. Etil asitet da soda, idan kowannensu ya fara da kauri 0.10, suna raguwa da rabi cikin sakan 91 ko kusa da haka. Idan da 0.010 suka fara, sai kimanin minti 15. A daraja ta sifili kuwa rabin rai gajarta yake yi.

Misali mafi tsabta na daraja ta ɗaya yana nan Zariya. Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da na'urar nukiliya ta bincike mai suna NIRR-1, ƙirar Sin, mai ƙarfin kimanin kilowat 30, wadda ta fara aiki a watan Fabrairun 2004, aka kuma sauya mata makamashi zuwa yuraniyam mai ƙarancin tacewa a 2018. Babban aikinta shi ne gano ma'adanan da ke cikin ƙasa ko dutse ko abinci ko ganyen magani. Ana tura ɗan samfur cikin na'urar, niyutron su buge shi, wasu ƙwayoyin zarra su koma masu fitar da haske na nukiliya, sannan su riƙa lalacewa bisa doka ta daraja ta ɗaya, kowane iri da k ɗinsa. Alminiyam-28 yana da rabin rai na minti 2.24, k ɗinsa 0.309 min⁻¹ ke nan, ko 0.0052 s⁻¹. Manganis-56 yana da awa 2.58, sodiyam-24 kuma kimanin awa 15, wanda ya ba da k ta 0.046 a awa. Bayan rabin rai goma abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, don haka mai neman alminiyam yana da kusan minti ashirin ne kafin alamarsa ta ɓace, dole ya kai samfurin gaban na'urar ƙirge da hanzari. Mai neman ma'adanai masu dogon rai kuwa yakan ajiye samfurin kwanaki, har sodiyam ya lafa ya daina rufe alamar sauran. Tsarin aikin gaba ɗaya a kan waɗannan lambobin k aka gina shi.

Daraja ta sifili ta fi fitowa inda wani abin gaggautawa ya cika da aiki. Leonor Michaelis da Maud Menten sun nuna haka a Balin a 1913, da wani abin gaggautawa na jinsin da ake kira enzayim, mai tsaga sukarin rake. Idan sukari kaɗan ne, sauri yana bin kauri, daraja ta ɗaya. Idan ya yi yawa, kowace ƙwayar enzayim tana riƙe da nata, ƙarin sukari ba ya ƙara komai, kamar injin niƙa da layi ya yi masa tsawo: ko kwano nawa aka jera, abin da yake niƙawa a awa ba zai ƙaru ba. Takin yuriya da manoman kewayen Samaru ke zubawa masara yana gamuwa da irin wannan enzayim a cikin ƙasa, mai suna yuriyes, wanda ke mai da shi amoniya. Idan takin yana saman ƙasa, wani kaso na amoniyar yana tashi iska ya bar gonar, shi ya sa malaman gona ke cewa a binne yuriya a gefen shuka. Jikin ɗan Adam ma yana da irin wannan iyaka. Hanta tana fitar da yawancin magunguna bisa daraja ta ɗaya, amma maganin farfaɗiya mai suna fenitoyin yana cika enzayim ɗinsa tun a adadin da ake sha na yau da kullum, don haka ɗan ƙari kaɗan yana iya ɗaga yawansa a jini fiye da zato. Likitoci suna ƙara shi ne da taka-tsantsan saboda wannan dalili.

Zafi

Duk k da aka rubuta ba tare da zafin da aka auna ta a kai ba, rabin labari ce. Svante Arrhenius na Suwidin ya bayyana a 1889 yadda k ke hawa da zafi, kuma hawan ba a hankali yake ba. Ga sauye-sauye da yawa a zafin ɗaki, ƙarin digiri 10 yana ninka k kusan sau biyu. Wannan ƙiyasi ne, wasu sun fi haka wasu ba su kai ba. Yawanci daraja da ma'auni suna nan yadda suke, lambar ce ke tashi. Lalacewar nukiliya kuwa ba ruwanta da zafin ɗaki, domin a can cikin cibiyar ƙwayar zarra take faruwa. A gari kamar Zariya, inda asubahin hunturu kan sauko ƙasa da digiri 15, ranar Maris da Afrilu kuma ta haura 35, gwajin da aka yi a Disamba da wanda aka yi a Afrilu a kan teburi ɗaya za su iya ba da k da suka bambanta ninki biyu ko fiye. Saboda haka ake tsoma kwalaben gwaji cikin bahon ruwa mai tsayayyen zafi, a kuma jira sinadaran su ɗauki zafin bahon kafin a haɗa su.

Wannan lissafi yana rubuce a jikin kowane kwalin magani da ke kantunan Sabon Gari. Masu haɗa magani suna ɗaukar wa'adinsa a matsayin lokacin da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa zai tafi, kuma idan lalacewar ta daraja ta ɗaya ce, wannan lokacin shi ne 0.105 a raba da k. Maganin da k ɗinsa ta kasance 0.0044 a wata, alal misali, zai sami wa'adin wata 24. Idan aka ajiye shi inda zafi ya ɗara na ƙa'ida da digiri 10 har k ta ninka, wata 12 ne kawai gare shi, kwanan watan da aka buga a kwalin kuwa bai canja ba. Ruwa ma yana ɗaga k, shi ya sa wasu magungunan yara suke zuwa a gari, a ce a zuba ruwa sai ranar fara sha, a kuma zubar da ragowar bayan kwanakin da aka rubuta. Kwali da yawa suna ɗauke da umarnin a ajiye ƙasa da digiri 30. Kwanan watan da ke jikinsu na maganin da aka bi wannan umarni ne. Wanda ya yi bazara a shago mai rufin kwano ko a bayan gilashin mota wa'adinsa ya riga wannan kwanan cika.